Degel: ƙauyen da aka yi hijira daga cikinsa ba a koma ba

Ɗalibin Tarihi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. A makon jiya na bi hanyar Sakkwato zuwa Illela, bayan mun wuce Kware mun doshi Gwadabawa sai wani dattijo da ke zaune kusa da ni a mota ya miƙa hannu ta taga ya ce mini Degel tana can ciki. Na daɗe ina kallon wajen, ban ga komai ba sai gonakin gero da aka riga aka girbe da itatuwa jefi-jefi. Tun ina firamare nake jin sunan Degel, cewa a can aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma daga can ya yi hijira, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ƙauye ne da har yau mutane ke kwana suna tashi a cikinsa ba. Tambayata ita ce, yaya aka yi Sakkwato da Gwandu da Wurno suka zama manyan garuruwa, ita kuwa Degel da aka fara komai a cikinta ta tsaya ƙaramin ƙauye? Sakaci aka yi da ita, ko kuwa akwai dalili?

Baƙon Galmi

Wa alaikumus salam. Kafin malamai su amsa bari in gyara abu ɗaya, domin mu mutanen wannan gefe na iyaka ba mu barin wannan magana ta wuce. Ba a Degel aka haifi Shehu ba. An haife shi a Maratta a watan Disamba na 1754, kuma Maratta a yau tana cikin Nijar, a jihar Tawa, ba nisa da garinmu. Kakanninsa Toronkawa sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni kafin su koma Maratta, daga nan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya ɗauki iyalinsa zuwa Degel lokacin Shehu yana yaro. A wancan zamani babu shingen kwastan tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, mutum da garkensa da littattafansa yana sauka inda ya sami ruwa da zaman lafiya. Idan kana kukan an manta da Degel, ɗan'uwa, to ka zo ka ga Maratta.

Ɗalibin Tarihi

Na gode, yaya, na karɓi gyara. Amma tambayar tana nan yadda take.

Tsohon Hedimasta

Ɗana, tambayarka tana da kyau, sai dai a cikinta akwai zaton cewa duk wurin da babban abu ya faru dole ne ya zama birni, alhali Degel tun asali ba don haka aka zauna ta ba. Birni a ƙasar Hausa ana gane shi da ganuwa da fada da babbar kasuwa, ita kuwa Degel mazaunin malamai ce, irin wuraren da dangin malamai kan zaɓa nesa da fadar sarki domin su yi karatu, su yi noma, su kiwata 'yan dabbobinsu ba tare da an riƙa kiran su fada kullum ba. Fadar Gobir a lokacin tana Alkalawa, can gabas. Nisan nan da ke tsakani shi ne rabin amfanin Degel ga Shehu.

A nan ya tashi, a nan ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan shekara ashirin, daga nan yake fita zuwa ƙasar Kabi ya dawo, ya tafi Zamfara ya yi shekaru kamar biyar ya sake dawowa. Abin da ya cika ƙauyen da mutane karatu ne. Ɗalibai suna zuwa su kafa bukkokinsu kusa da gidan malamin da suke so, wasu su kawo iyalinsu, wasu su yi shekara su koma garuruwansu da ijaza, wato izinin karantarwa daga malami. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya bayyana a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri yadda mahaifinsa ke fitowa wurin taro da sakin fuska, ya yi wa jama'a sallama, sannan ya yi musu bayani da harshen da suke ji, kuma waƙoƙin wa'azinsa na Fulatanci da na Hausa suna nan har yau shaida. An kuma ruwaito cewa yakan tufka igiya da hannunsa domin ya ci daga guminsa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, a cikin Raudul Jinan, ya jera sunayen mutanen da suka kewaye Shehu, har da ladanai da masu kwafar littattafai. Duk lokacin da na karanta wannan jeri sai in ga ƙauye sosai a gabana, inda kowa ya san aikinsa kuma kowa ya san gidan kowa.

To, a watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairu 1804, wannan jama'a ta kwashe ta nufi Gudu. Abzinawa irin su Agali suka kawo raƙuma aka ɗora littattafai, Fulanin Aliyu Jeɗo suka taimaka. Ka lura, abin da ya sa Degel ta zama Degel mutane ne da littattafai, kuma duka biyun sun hau hanya. Babu ganuwar da za a bari a baya ta riƙe sunan gari. Bayan yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, da wahalar shekarun da suka biyo, da faɗuwar Alkalawa a 1808, buƙatar jama'a ta sauya, yanzu wurin tsaro ake nema da wurin da zai ɗauki mulki. Shehu ya zauna Gwandu, ya zauna Sifawa, Bello ya fara gina Sakkwato a 1809 a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato, Shehu ya komo can a 1815 ya rasu a 1817. Ko da aka zo cika wannan yanki na arewa da garuruwan ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, Cimmola da ke kusa da Degel ce Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya zauna, daga baya ɗansa Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa, wadda yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar da Degel ke ciki.

Akwai kuma wani abu da nake gani, ra'ayina ne ban jingina shi ga kowa ba. Mutanen da suka kira tafiyarsu hijira suna koyi ne da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi kuwa bayan an ci Makka Madina ya koma. Saboda haka ban yi mamakin rashin komawarsu ba.

Bagobirin Tsibiri

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayanin ya gamsar, amma ina da ƙorafi a kan yadda kullum ake ba da labarin Degel kamar Gobir ba ta taka wata rawa ba sai ta zalunci. Shekara kusan talatin Shehu yana wa'azi a cikin ƙasar Gobir, jama'arsa tana ƙaruwa, babu wanda ya rushe masa makaranta. A taron Babbar Salla na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya ba shi kyauta ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Sarkin da ake kira Jan Gwarzo, wanda ƙasashen maƙwabta ke shakka, ba tsoro ne ya sa shi amincewa ba. Don haka idan ana lissafin abin da ya raya Degel, a sa wannan alkawari a ciki.

Sannan a duba lamarin ta idon mai sarauta. Ƙauye ne a cikin ƙasarka, mutane suna barin garuruwansu suna tarewa a can, suna da shugabansu da alƙalancinsu, maganarsa ta fi taka nauyi a wurinsu, har an fara jin suna tanadin makamai. Wane sarki ne zai kwana da wannan hankalinsa kwance? Ban ce abin da aka yi daidai ne ba, ina dai cewa mu jikokin waɗanda suka bar Alkalawa suka ƙare a Tsibiri, kusa da Maraɗi, muna da namu zaren labarin.

Tsohon Hedimasta

Ɗana Bagobiri, ban musa maka ko ɗaya ba a kan Bawa, kuma su kansu littattafan mutanen Shehu sun rubuta abin da ya yi. Amma alkawarin Bawa bai daɗe bayan rasuwarsa ba. Sarkin Gobir Nafata ne ya yi shelar cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Ka auna abin da wannan ke nufi ga ƙauyen da duk rayuwarsa karantarwa ce. Sai zamanin ɗansa Yunfa, aka kai wa Abdussalami, almajirin Shehu, da mutanensa hari a Gimbana a ƙarshen 1803, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mutanen ƙauyen suka fito suka kwance su. Daga ranar nan zama ya ƙare. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, jama'ar Degel ta riga ta zama hukuma a cikin hukuma tun kafin a harba kibiya ko ɗaya.

Bagobirin Tsibiri

To mun haɗu a nan, Baba. Gimbana kam babu mai kare ta.

Jikar Jaji

Sallama ga malamai. Na karanta duk abin da aka rubuta, na ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da raƙuma, ban ga mace ko ɗaya ba, alhali ƙauye ba ya zama ƙauye sai da waɗanda ke daka da ɗebo ruwa da renon yara. A Degel aka haifi Nana Asma'u wajen 1793, ita da tagwaininta Hasan, kuma tana 'yar shekara goma da ɗoriya aka yi hijira da ita. Karatun da ya sa ta zama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa a cikin gidajen wannan ƙauye aka fara shi, a hannun mahaifinta da matan gidan, domin a zuriyarsu mata masu ilimi ba baƙon abu ba ne. Shehu ya yi kakkausar magana a Nurul Albab a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun a yawon wa'azinsa an zarge shi da barin mata su halarci majalisinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani da waƙa, yana nan a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Abin da ya sa na kawo wannan, ɗana mai tambaya yana neman Degel a cikin gine-gine, ni kuwa a gidanmu na same ta. Kakata jaji ce. Tsarin 'yan taru da Asma'u ta kafa daga baya, inda ake naɗa wa dattijuwa malfa ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurin karatu, su haddace waƙoƙi su koma su koyar, shi ne ya kai karatu ƙauyukan da babu malamin da zai je ya zauna. Ina ƙarama na ga kakata tana tara mata bayan la'asar, tana rera musu waƙar da ke koyar da alwala da salla da haƙƙin maƙwabci, sannan su haɗa hatsi da ɗan abin da ya samu a kai wa mai jego ko marar lafiya ko wadda mijinta ya rasu. Ba ta taɓa zuwa makarantar boko ba, amma babu gawar mace da za a yi wa wanka a ƙauyenmu ba a kira ta ba.

Manomin Fadama

Allah ya gafarta malamai, ni ba masanin tarihi ba ne, amma ƙauyenmu yana cikin wannan yanki kuma ina da dangi ta wajen Degel, saboda haka ku ba ni dama in faɗi abin da ke ci mini rai. Tun da aka fara wannan muhawara ana maganar 1804, kamar mutanen wurin sun tafi Gudu ba a sake haihuwar kowa ba. Akwai mutane a can yau, kuma rayuwarsu irin tamu ce.

Shekararmu tana farawa da ruwan shuka, galibi a watan Yuni, a shuka gero a tudu a sa wake a tsakani, a yi noman fari a yi maimai, idan Allah ya kawo kaka lafiya a ɗaure damuna a zuba a rumbu, a fitar da zakka tun a gona. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu su ci kara su bar mana taki, kuma a da har roƙonsu ake yi su kwana a gonar mutum, a ba su hatsi su ba da nono. Yanzu da gonaki suka cinye burtali abin ya fara zama rigima, sai mai gari da arɗo sun zauna, wani lokaci har a kai gaban uban ƙasa. Da rani wanda ke da fili a fadama ya koma lambu, albasa da tafarnuwa da tumatir, yana fama da kuɗin man injin ban ruwa da na taki. Ɗan'uwana na Galmi ya san wannan magana fiye da ni, tunda sunan garinsu albasa ta ɗauka ta zaga duniya da shi. Idan aka cire albasa kowa ya kawo kasuwa lokaci ɗaya farashi ya faɗi, mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira, marar hali ya sayar wa dillali a yadda ya taya, wani ma tun tana gona ya ci kuɗinta.

Wanda ba shi da fadama kuwa sai cin rani. Da an gama kaka za ka ga motoci cike da samari sun nufi kudu, wasu ga-ruwa, wasu dako, wasu acaba, ƙauye ya rage daga tsofaffi sai mata da yara har a ga hadarin farko. Kakanninmu ma sun yi, har Kumasi suke kaiwa da ƙafa, bambancin shi ne su suna dawowa. Gayya da muka taso muka gani, inda samarin unguwa za su taru da kiɗa su nome gonar dattijo ko ta surukin abokinsu a wuni ɗaya a ci tuwo a watse, yanzu sai ka yi da gaske kafin ka tara mutum goma, kowa kuɗin ƙwadago yake nema, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da bai mutu ba shi ne jana'iza da suna da gyaran masallaci da yashe rijiya. Waɗannan ko mutum yana gaba da kai zai fito.

Game da baƙi masu zuwa ganin wuraren tarihi, muna ganinsu. Su zo da motoci masu sanyi, su yi addu'a a maƙabarta, su ɗauki hoto, su raba wa yara 'yan canji su tafi. Wani babban mutum ya taɓa tsayawa a ƙauyenmu a kan hanyarsa ta irin wannan ziyara, ya ga 'yan mata a layin rijiya da tsakar rana, ya yi alkawarin famfon burtsatse a gaban dattawa. 'Yan matan da ya gani duk sun yi aure, rijiyar dai ita ce.

Mai Son Kayan Tarihi

Maganar Manomi ta taɓa ni, amma ina ganin abu biyun ba sa karo da juna. Kabarin mahaifin Shehu yana Degel, ga wuraren da gidaje da makaranta suka kasance. Idan hukuma ta kewaye su, ta kafa alluna masu bayani da Hausa da ajami da Turanci, ta gyara hanya, ta ɗauki 'yan garin aikin yi wa baƙi jagora, ai ruwa da asibiti za su biyo baya. Dubi yawan mutanen da ke zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato daga Nijar da Kamaru da sauran wurare. Ko kaɗan daga cikinsu suka ƙarasa Degel, mai shayi da mai masa da mai mota duk za su samu.

Manomin Fadama

Ranka ya daɗe, ka jera abin daga katanga zuwa ruwa, ni kuwa da za a tambaye ni daga ruwa zan fara. Na ga wuraren da aka kewaye aka sa ƙofar ƙarfe, bayan shekara biyu mabuɗin yana aljihun wani a birni, awaki ne kawai suka san hanyar shiga. Sannan baƙo ba ya zuwa inda hankalinsa bai kwanta ba, kuma kowa ya san halin da gabashin jihar ke ciki, da abin da ake fama da shi ta wajen Tangaza da Gudu, wato ita kanta ƙasar da aka yi hijira zuwa cikinta.

Jikar Jaji

Ni abin da na fi jin tsoron ɓacewarsa ba ya buƙatar siminti. Tsofaffin da suka san wane fili ne gidan wane, wace rijiya ce ta dā, waɗanne gidaje ne suka dawo bayan yaƙi kuma daga ina, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kakata ta rasu da waƙoƙin da ban rubuta ko rabinsu ba, ina ganin kullum tana nan.

Tsohon Hedimasta

Malama ta faɗi abin da ni ma nake shirin faɗa. Tarihin Degel har zuwa 1804 an rubuta shi, manyan malamai sun yi, Turawa ma sun yi. Wanda ya kamata a bi yanzu shi ne na bayan hijira: su wane ne suka sake zama a wurin, yaya sarautar garin ta faro, ina suke kai hatsinsu kasuwa, yaya suka ji da yunwar 1973 da ta 1984 da ta taɓa duk wannan yanki. Ɗana mai tambaya, kai da ke jami'a kana da waya mai ɗaukar murya, wannan aikinka ne. Ka fara da gaishe da mai gari, kada ka shiga da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji, kuma ka nemi mace ta raka ka domin akwai zauren da ba za ka wuce ba.

Ɗalibin Tarihi

Na ji, Baba, kuma in Allah ya so zan yi. Baba Manomi, wane lokaci ne ya fi dacewa in zo, kuma me zan riƙo?

Manomin Fadama

Ka zo yanzu da kaka ta ƙare kafin sanyi ya yi tsanani, lokacin dattawa suna zaune a gindin bishiya suna tufkar igiya da gyaran zana, ba su da gaggawar zuwa gona. Kada ka zo ranar kasuwa, ba za ka sami kowa ba. Ka riƙo goro da ɗan sukari na tsofaffi mata, ka sauka a Gwadabawa ka kira ni, zan turo yaro da babur. Ka shirya kwana biyu aƙalla, domin ranar farko gaisuwa kawai za a yi.